Ƙofar Dariya

Asabar, bayan magariba

Mun koma tebur yau, karon farko tun da aka sallamo Yaya daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki.

Anti, matarsa, ta matso da kujerarsa kusa da ƙofa, ta tura filo ƙarƙashin hannun damansa. Ɗan lido ya koma hannun hagunsa. Kowa ya gani.

Ita Anti ta taɓa yi wa wata maƙwabciya bayanin abin da muke yi a falonta duk Asabar: "Ƙatti ne da gemu suke tatsuniya da ɗan lido." Auta, ƙanwarmu, ta ce ita dai ba ta da gemu. Ban da wannan ban ga abin gyara a jimlar ba, kuma gyaran jimla ne sana'ata a gidan jarida. Ni nake jan labarin. Ni ne hanya, ni ne gari, ni ne abokan gaba. Su uku kowa da mutuminsa a ciki. Wanda yake son yin wani abu sai ya faɗa, ya jefa ɗan lido mai fuska ashirin, lamba ta raba gardama. Auta ɓarauniya ce mai hawan katanga. Mai Kemis, ƙanin Anti, mai siddabaru ne, a cikin wasa da wajen wasa. Yaya tsohon mai fito ne wanda wani azzalumi, Mai Makullai, ya kulle masa kogi. Shekara da shekaru yana yawo a tudu da filafili a kafaɗa yana neman mutumin. Yanzu sun iso gindin hasumiyarsa.

Laƙanonin sihirin da ke littafin dokoki sun gundure mu tuntuni, muka koma ƙirƙiro namu, muna rubutawa a kati muna tarawa a gwangwanin biskit. Yaya ya kafa doka. Sabon laƙani ƙofa biyu gare shi. Ta farko ƙofar awo: a ba ni katin in tafi da shi gida, in auna ƙarfinsa, in ɗora masa farashi, domin duk abin da ya ba ka wani abu dole ya karɓi wani abu a hannunka. Ta biyu ƙofar dariya: mai kati ya karanta a gaban tebur, in Yaya ya yi dariya, laƙani ya shiga gwangwani yadda yake, ba awo ba farashi.

Ya kafa ta biyun ne don ya san ba ta buɗuwa. Safiyo ne. Ya yi rayuwarsa yana gaya wa mutane cewa filinsu bai kai yadda suke zato ba, kuma fuskarsa ta dace da aikin. A duk shekarun nan kati biyu ne suka wuce ta can. Dariyar tasa ma ba ta da sauti. Yakan cire tabarau ya ajiye a tebur, kafaɗu su yi ta rawa, shi ke nan.

Yau Mai Kemis ya shigo a makare, da sallamar da za ta ishi kasuwa, ya zaro kati daga aljihu tun bai zauna ba.

"Gaisuwar Suruki," in ji shi. "Duk wanda aka jefa wa, komai tsawon takobinsa, zai ajiye shi ya rusuna, ya shiga tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya yi tafiya, har sai an amsa masa."

Na ce, "In ba a amsa ba fa?"

"Sai ya ci gaba, Edita. Wa ya taɓa katse gaisuwar suruki ya kwana lafiya?"

Yaya ya yi dariya. Da sauti, baki buɗe, har da tari. Anti ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya tana kallonsa, ta ce, "Alhamdu lillahi." Mai Kemis ya ɗaga katin sama kamar wanda ya ci kofi, ya jefa shi a gwangwani da hannunsa.

Na rufe murfin.

Lahadi, da safe

Bai cire tabarau ba.

Talata, ofis, hutun rana

An kawo min rahoton wani taro, shafin rabinsa kawai zai ɗauka. Na yanke shi cikin natsuwa, ban ji tausayin sakin layi ko ɗaya ba. Sannan na juya bayan takardar na auna laƙanin Mai Kemis.

Ba a faɗi nisansa ba. Ba a faɗi mutum nawa yake kamawa ba, ko sau nawa a rana. Wanda aka jefa wa ba shi da damar jefa ɗan lido ya kare kansa. Ba shi da farashi. Watau masu gadin da na ɓata lokaci ina ginawa, da sulkensu da dalilin biyayyarsu, duk za su durƙusa suna tambayar lafiyar yara. Abin dariya ne sau ɗaya. Na yarda, ni ma na ji shi a cikina. Amma tsohon laƙanin Auta, wanda yake sa takalmin abokin gaba ya matse shi, har yau muna dariyarsa ne saboda ba ya cin yaƙi. Ɗingishi kawai yake sa mutum, sauran aikin naka ne. Shi Mai Kemis bai san bambancin abin da ke ƙara wa wasa daɗi da abin da ke ƙare wasa ba. Irin mutumin nan ne da zai fara ba ka labari daga ƙarshe don ya ƙagu a tafa masa.

Likita ta faɗa mana a baranda ranar sallama, ni da Anti. Ta ce abin zai iya zuwa, dariya ko kuka, ba tare da ya nufa ba, kuma ba lallai ya yi daidai da abin da ke ransa ba. Ta ce kamar famfo ne da kansa ya lalace. Anti ta ce kada in gaya wa kowa. Ban gaya wa kowa ba. Littafin nan da nake rubutu a ciki ba kowa ba ne.

Asabar, bayan magariba

Masu gadin ƙofar hasumiya sun gaishe su. Dukansu. Ni na yi muryoyin, domin aikina ne. Auta ta yi dariya har ta zubar da shayi a kan taswira.

A hawa na biyu na ajiye musu rundunar da na fi alfahari da ita. Mai Kemis ya sa hannu a aljihu. Ya gyara murya, Yaya ya fara dariya. Tun daga gyaran muryar. Bai ko karanta sunan katin ba.

"Kun gani? Safiyo ya san kaya tun daga ƙanshi!" in ji shi. "Taron Kwamiti. Duk abokan gaban da ke ɗakin za su zauna su kafa kwamiti, ba za su tashi ba sai sun zaɓi sakatare. Kuma ba mai son sakatare."

Abin haushin, yana da kyau. Da ya biyo ta hannuna, da na ce mutum uku kawai yake kamawa, kuma dole mai jefawar ya zauna ya shugabanci taron. Da ya zama kati na gaske. Bai biyo ta hannuna ba.

Ni ba fuskar Yaya na kalla ba, hannunsa na hagu na kalla. Ya damƙe gefen tebur har jijiyoyi sun tashi. Idonsa yana kaina, bakinsa yana can yana abin da yake yi.

Duk zaman yau bai jefa ɗan lido ba. Ba a buƙaci filafilinsa ba. Ya riƙe ɗan lidon yana juyawa har aka tashi. Da na je yi masa sallama ya kama hannun rigata. Maganar takan daɗe kafin ta iso yanzu, na jira.

"Ina... faɗan?"

Anti ta ce, "Wane faɗa kuma, ana zaune lafiya?" Ta gyara masa filo.

Litinin, a mota, kafin in shiga ofis

Auta ta bugo. "Ƙaramin Yaya, ka saki fuska mana. Ranar Asabar fuskarka kamar shafin ta'aziyya."

Na ce shafin ta'aziyya aka fi karantawa.

"Ka bar shi ya ji daɗi. Tun muna yara ban taɓa ganinsa yana dariya haka ba."

Ni ma haka. Abin da ya kamata ya dame ta ke nan.

Laraba, da yamma

Na biya gidan Yaya daga ofis. Ina zaune maƙwabcinsu ya shigo ya ce mai askin kan kwana ya rasu, wanda ya yi wa Yaya aski tun yana saurayi. Yaya ya yi dariya. Maƙwabcin ya tsaya da hannu a ƙirji bai san inda zai sa ido ba. Yaya ya juya fuska bango, abin bai tsaya ba, hawaye na bin gefen tabarau. Anti ta ja mutumin waje tana yi masa godiya da ƙarfi.

Na same ta a kicin. Na ce, "Anti, a rufe ƙofar dariyar nan."

"Wa zai gaya masa? Kai? Za ka zauna a gabansa ka ce, Yaya, dariyarka ba ta ci yanzu, mun soke ta?"

"Ya fi mu sani."

"Mutum ya sani shi kaɗai daban, a faɗa masa a gaban ƙannensa daban." Ta ci gaba da goge kwanon da ya riga ya bushe. "Ni nake ɗaga shi, ni nake kwantar da shi. Asabar ce kaɗai nake jin murya a gidan nan da ba ta talabijin ba. Kai kuma ka zo min da sikeli."

Na ce sikelin nasa ne, ajiya ya ba ni.

"To riƙe ajiyarka." Sannan ta ce, "Likitoci sun ba da rana. Ba wannan Litinin ba, ta sama. Za su sake kwantar da shi, za su yi masa aiki su duba abin."

Na tambaye ta me likita ta ce game da bayan nan. Ta buɗe famfo.

Alhamis, da rana

Asabar biyu suka rage. Mai Makullai yana hawa na sama yana jira. Na sake duba shi yau, ban rage masa komai ba.

Asabar, bayan magariba

Sun isa ƙofar sama. Na yi musu bayanin ta: baƙin ƙarfe, sanyi na fitowa ta ƙarƙashi, ana jin ƙarar ruwa a bayan bango kamar dabbar da aka ɗaure. Yaya ya gyara zama da kansa. Ya ajiye ɗan lido a gabansa.

Mai Kemis ya sa hannu a aljihu.

"Dawo Gobe. Duk wanda aka jefa wa, ko wane ne shi, zai dubi agogo ya ce, 'Ai an tashi,' ya tattara kayansa ya tafi. Sai gobe."

Na ce, "Sau nawa ake jefawa?"

"Kullum mana."

Watau kullum su hau, kullum Mai Makullai ya tafi gida. Ba mai faɗuwa, ba mai ci, kogi yana kulle har abada, kowa lafiya. Yaya yana dariya, irin wadda ta sa maƙwabci tsayawa da hannu a ƙirji. Mai Kemis ya miƙo kati. Na ɗora tafin hannuna a kan murfin gwangwani.

"Bai shiga ba."

"Safiyo ya yi dariya, Edita."

"Bai shiga ba."

"Doka ce. Kuma ba kai ka kafa ta ba, kai magatakarda ne kawai."

Auta ta ce, "Ƙaramin Yaya, wai me ke damunka?"

Na faɗi jimla ɗaya. Ba zan rubuta ta ba.

Yaya yana ta dariyarsa shi kaɗai. Anti ta fito ta kwashe kofunan da suka danne taswira, taswirar ta naɗe kanta. Ta ce, "A tashi." Na fito da gwangwani a hammata. Har na kai bakin ƙofar gida ina jin sa.

Lahadi, da hantsi

Saƙon Auta: "'Wannan ba dariya ba ce.' A gabansa, Ƙaramin Yaya? Kuma tun yaushe ka sani ka bar ni ina tafi?"

Jimlar ba ta da kuskure.

Litinin, da yamma

Ba wanda ya bugo.

Talata, bayan azahar

Na je shagon Mai Kemis. Fanka na kaɗa takardun magani da aka soke a ƙusa, yana bayan gilashi yana zolayar wata tsohuwa a kan ƙwayar hawan jini, tana dariya tana zaginsa. Na jira ta tafi.

"Edita! Maganin me? Na taurin kai ya ƙare, sai wani satin."

Na ce na zo in yi masa bayanin abin da likita ta faɗa, tunda Anti ba ta yi ba, ko ya daina. Bai bari na gama ba. Ya miƙa hannu kanta ta sama, ya sauko da ɗan ƙaramin kwali ya ajiye a gabana.

"Wa kake zaton yake kai masa wannan? Tun kafin a sallame shi na sani."

"Ka sani, kake tsayawa a gabansa kana karanta shirme?"

"Zauna, Edita."

Ban zauna ba.

"Dariyar nan za ta zo, da kati ko babu kati. In babu, zai yi ta a kan babu, a gaban ƙanwarsa, ya ga ta gani. Ni sati guda nake yi ina neman abin da zan ajiye mata a hanya, don in ta zo ta tarar da dalili yana jiranta. Ka zaci daɗi nake ji? Ni ma na san Kwamiti ya kashe wasa. Ni ba jaki ba ne."

"Ka mayar da shi hatimi. Duk abin da aka kawo sai ya buga."

"Kai kuma ka tuɓe shi a tsakiyar kasuwa."

"Dawo Gobe fa? Shi ma dalili ne?"

Ya shiga jera kwalayen da suke a jere. Ya ce, "So kake ka kashe masa tsohon nan ana jibi za a shiga da shi?"

"So nake ya yi faɗansa."

"In ya faɗi fa?"

"Ya faɗi."

"Allah ya shirye ka," in ji shi. Wani ya shigo neman maganin tari, ya juya masa da fara'a kamar ba ni a wurin.

Na fi tsanar sa yanzu. Da wawa ne da sauƙi, wawa jan biro ke gyara shi. Wannan mutum ne mai hujja, kuma hujjar ta biyo ni har ofis ta zauna a kan teburina. Ya rufe wa Yaya asiri, gaskiya ne. Ya kuma rufe masa baki da mayafin. Mutumin da duk duniya ta san shi da "a'a," wata guda ba a bar shi ya faɗe ta ba.

Alhamis, ofis, da yamma

Kuskure ya wuce ni a babban kanun shafi na uku. Shugaban sashe ya kawo jaridar har teburina ya ajiye, ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya.

Anti ta bugo. Ba ta gaishe ni ba. "Ya ce ku zo Asabar. Ya ce ka zo da gwangwani." Ta kashe.

Asabar, bayan magariba

An yi wa Yaya aski. Taswira tana shimfiɗe, kofuna a kusurwoyi. Auta ba ta kalle ni ba. Mai Kemis ya riga ni zuwa, abin da bai taɓa faruwa ba.

Yaya ya miƙa masa hannu. Mai Kemis ya gane, ya zaro Dawo Gobe ya ajiye a tebur. Sai abin ya taso. Wannan karon ba wanda ya taya shi, ba wanda ya tafa. Ya ɗaga tafin hannunsa na hagu yana nuna mana mu jira, muka jira, muna kallon taswira, har ya wuce. Ya share baki.

"Ba... tawa... ba ce."

Auta ta sa hannu a baki. Ya juyo gare ni.

"Kai... baki." Ya juya ga Mai Kemis. "Kai... shirme."

"Na karɓa, Safiyo," in ji Mai Kemis.

Yaya ya sa na buɗe gwangwani. Ya tono Gaisuwar Suruki da Taron Kwamiti da yatsa ɗaya, ya turo min. "Awo." Sannan ya ɗora yatsan a kan Dawo Gobe.

"Mai jefawa... shi zai... dawo gobe."

Auta ce ta fara ganewa, dariya ta kufce mata ta cikin hawaye. Mai jefawar ne zai dubi agogo ya tattara kayansa ya tafi lafiya, abokin gaba yana nan inda yake. Na auna shi a kaina nan take. Yana ceton ranka, yana cinye maka faɗan. Ba abin ƙari, ba abin ragi. Mai Kemis ya ce, "Wato laƙanin korar kaina na rubuta." Fuskar Yaya a bushe take kamar da.

Saura abu ɗaya. Ni a bayan wani kwali nake jefa nawa ɗan lidon, don kada su ga lambobin abokan gaba. Kowa ya san mai jan labari kan yi ƙarya a bayan kwalin nan in ya ji tausayi. Yaya ya nuna shi. "Cire." Na cire.

Aka buɗe ƙofar ƙarfe.

Faɗa ne mai kyau, zan rubuta wannan ko ba wanda zai karanta. Ɓarauniyar Auta ta bi ta rufi ta fizge makulli ɗaya, Mai Makullai ya kulle ta cikin bango har wuya. Mai siddabaru ya rasa sababbin kayansa, ya koma ga tsohon laƙanin takalmi, azzalumin ya shiga ɗingishi a tsakiyar fadarsa. Tsohon mai fito ya same shi da filafili har sau biyu. Yaya yana jefawa da hagu, ɗan lidon na tafiya a karkace, yana bin sa da ido kamar yana auna fili. Sannan nawa ya fito da babbar lamba a gaban kowa. Tsohon ya durƙusa. Bugu ɗaya ya rage masa a duniya.

Mai Kemis ya tura katin a hankali har gaban Yaya. Babu wasa a muryarsa. "Safiyo, jefa. Ba abin kunya ba ne. Ka dawo gobe."

Yaya ya dubi katin. Ya ɗauki kofin shayinsa ya ɗora a kai.

Ya jefa. Ɗan lidon ya tsallake tebur, ya gangara har bakin ƙofar kicin, inda Anti take tsaye tun farkon faɗan da tsumma a hannu. Ta sunkuya ta duba.

"Ashirin ne," in ji ta. "Wallahi ashirin ne, ku zo ku gani."

Na tashi na duba. Ashirin ne. Da ya fasa kan Mai Makullai.

"Ƙasa... ba ta ci," in ji Yaya. Dokarsa ce, tun ranar farko: ɗan lidon da ya faɗi ƙasa ba a ƙirga shi.

"Haba Safiyo!" Mai Kemis ya dube ni. "Edita, yi magana mana, yau dai!"

Na ce ƙasa ba ta ci.

Anti ta ajiye ɗan lidon a tafin hannunsa, ta ɗan daɗe ba ta saki ba. Ya sake jefawa. Uku.

Na jefa nawa a tsakiyar taswira. Sha bakwai. Na ba da labarin yadda nake yanke rahoto, ba ado: tarin makullai ya sauko, tsohon mai fito ya faɗi da filafili a hannu, ruwa yana bugun bango a bayansa, kogin yana nan a kulle.

Ba wanda ya motsa. Na jira famfon ya ɓalle. Bai ɓalle ba.

Yaya ya kai hannun hagu fuska. Ƙafar tabarau ta maƙale a kunne, ya yi ta fama, ba wanda ya taimaka masa. Ya cire, ya ajiye a tebur. Kafaɗarsa ta fara rawa, ta hagun ta fi ta daman. Ba sauti.

"Shekara... da shekaru," in ji shi. "Uku."

Anti ta zauna a hannun kujerarsa. Ba ta tambayi kowa ko wace iri ce ba, ta fi mu sanin wannan. Mai Kemis ya ce ana kiransa a waya, ya fita baranda. Wayar tasa tana kan tebur kusa da gwiwar hannuna.

Lahadi, da rana

Na auna katunan biyu. Gaisuwar Suruki: mutum ɗaya, kuma dole mai jefawar ya tsaya ya amsa gaisuwar har ƙarshe. Na aika wa Mai Kemis. Ya amso da cewa na cire wa abin rai. Ƙarya yake, ya fi kyau, kuma ya sani.

Litinin, da hantsi

Sun tafi asibiti da sassafe, Mai Kemis ke tuƙi. An ce mutum biyu kawai ake bari su shiga, ni in jira waya.

Na buɗe gwangwani in mayar da katunan. Dawo Gobe ba ya ciki. Na buga wa Mai Kemis na ce ya dawo da abin da ya ɗauka. Ya rantse ba shi ba ne, ya miƙa wa Anti wayar. Ta ce Yaya ne ya sa ta zaro shi daga ƙarƙashin kofi ranar Asabar, yau da safe ya sa ta saka masa a aljihun riga. Ta ce sun shiga da shi ɗakin tiyata yanzu. Ta ce, "Ka ci wani abu, Edita."

Doka ta hana fita da kati daga gwangwani in ba don awo ba. Shi ya kafa ta. Zan jira ya dawo in tuna masa.